Ni na rufe karen Baba a sito

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan guruf mai albarka. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, ka ɗora kamar yadda na turo, kada ka rage komai. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, yau kwana goma sha takwas abinci ba ya yi mini daɗi, kuma kwana biyu kacal suka rage mini in san abin yi. Tun farko bari in faɗa, maganar kare ce, eh kare, duk wanda ya san dariya zai zo yi ko ya rubuto mini "a kan kare kawai?" don Allah ya wuce abinsa, na ji wannan maganar a ofis na ji ta a majalisa har ta ishe ni.

Ni magidanci ne, shekarata talatin da tara, ina aikin gwamnati a nan Sakkwato, muna zaune wajen Ƙofar Kware ni da matata da yaranmu uku. Mahaifina manomi ne, a fadamar Kwalkwalawa ya ƙare ƙarfinsa, shinkafa da damina albasa da rani. Shekara huɗu da suka wuce idonsa ya tafi, a hankali ya riƙa dushewa har ya rufe gaba ɗaya, likita ya ce hawan jinin ido ne kuma an makara. Inna ta riga ta rasu, sai muka zauna da ƙannena aka yanke ya dawo wurina. Baba ya ce ba inda za shi sai da karensa. Na yi magiya, na aika baffanmu ya yi masa bayani cewa birni ba ƙauye ba ne, gida a matse yake, maƙwabta za su yi magana, ya ce to a bar shi a ɗakinsa ya mutu a can. Haka na kwaso su su biyu a mota, shi a gaba, karen a baya yana ta amai.

Sunan karen Barsu. Cikakken sunan Bar-su-da-halinsu ne, Baba ya raɗa masa shi lokacin wata rigimar iyakar gona da 'yan uwansa, don ya riƙa kiransa da ƙarfi a bakin hanya suna ji. Jan kare ne siriri irin na ƙauye, kunne ɗaya a yage, ba wani kyau gare shi ba. Amma da idon Baba ya tafi, karen nan ya zama masa rabin ido. In Baba zai zaga bayi yana gaba yana goga masa jiki a ƙafa, in yara sun bar bokiti a hanya sai ya tsaya cak ya ƙi motsi har Baba ya lalubo da sanda. Ban koya masa ba, ba wanda ya koya masa.

Akwai abin da sai na faɗa kafin ku gane girman abin a wurina. Ni ɗan fari ne, kuma Baba mutumin da ne na sosai, tunda nake bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba, ko ina yaro in zai aike ni sai ya ce wa Inna "a ce ma wancan". Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce ta ɗan fari, duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya sani. To da ya dawo gidana babu Inna da za ta tsaya a tsakani, sai Barsu ya gaji aikin. Ina zaune a gefe zan ji ya dafa kan karen ya ce, "Barsu, hwaɗa ma mai gidanga maganin ɗigawa ya ƙare." Ni kuma in ce, "Barsu, ka ce masa gobe za a sayo." Farko matata har ɓuya take yi a kicin tana dariya. Amma wallahi da haka na yi hirar da ban taɓa yi da mahaifina ba a shekara talatin da biyar. Ta bakin karen nan na ji yadda ya haɗu da Inna, ta bakinsa na ji ya taɓa kuka ranar da na tafi makarantar kwana. Ranar da aka hana ni ƙarin girma a ofis ban gaya wa kowa ba, na shigo na zauna, sai ji na yi ya ce, "Barsu, wanga mutum bai ci komi ba yau, tambaye shi mi ka damunai." Na juya baya na share hawaye, na ba kare labari.

Sai maƙwabcinmu, zan kira shi Malam Sanda, ba sunansa ba ne. Tsohon malamin makaranta ne mai ritaya, katangarmu ɗaya, sa'an Baba ne ko ya ɗan gaza masa. Tun makon da Baba ya zo mutumin nan ya ɗauke mini nauyin kai shi masallaci, salla biyar, zai zo ya yi sallama ya kama hannunsa, Barsu ya raka su zuwa gindin falwaya ya kwanta ya jira su fito. Abota ta gaske suka ƙulla, goro ɗaya suke rabawa. Abu ɗaya ne, Malam Sanda ba ya son karen, kuma ba ya ɓoyewa, kullum cikin tsiya suke, shi ya ce mala'iku sun daina shiga gidanmu, Baba ya ce ai kare na tsaro da na makaho daban ne. Wata rana Barsu ya sha ruwa a kwanon da Malam Sanda ke jiƙa wa tumakinsa dusa, ransa ya ɓaci ya ce wata rana sai an wayi gari babu karen nan a unguwa. Baba dariya ya yi a lokacin, kowa ya san faɗar baki ce.

Ranar wata Juma'a ce cikin tsakiyar bazarar nan. Wanda bai san zafin Sakkwato ba ba zai gane ba, ruwan buta sai ka sirka kafin ka yi alwala, ga shi kwana biyu ba wuta, fanka ta zama ado. Ƙanwata ta haihu a Wamakko, ranar ne suna, da safe mijinta ya zo da mota ya ɗauki Baba, ni na ce sai bayan Juma'a zan bi su. Ba a shiga gidan suna da kare, don haka Baba ya durƙusa a zaure ya shafa kan Barsu ya ce, "Zamna, mai gida na nan, shina kula da kai." Ina tsaye ina ji. Amana ce aka ba ni da kunnena, ko da yake da kare aka yi maganar.

A ƙarƙashin kwanon banɗakinmu, daidai saman famfo, rina sun yi gida, irin jajayen nan manya. Da zafi ya tsananta sai suka riƙa saukowa shan ruwa a kaskon Barsu, don shi kaɗai ne ruwan da ke buɗe a tsakar gida. Mako biyu matata tana yi mini magana in sa a cire gidan, ina cewa sai Asabar, Asabar ta zo in ce sai wata. Wannan ma laifina ne, amma ba shi ne babba ba.

Wajen ƙarfe ɗaya na yi wanka, na saka sabuwar farar shaddata da aka kawo daga ɗinki ranar Laraba, na fesa turare, na yi alwala, ina neman hula sai na ji wani irin ihu daga tsakar gida, ban taɓa jin kare ya yi irin wannan kukan ba. Na fito na tarar da Barsu yana birgima, yana dirza baki a ƙasa, yana kai wa fuskarsa yakushi da ƙafa, yawu na zuba kamar an buɗe famfo, ido ya yi ja. Matata ta kwashi yara ta yi ɗaki tana ihun ya haukace, ya haukace. Ni ma abin da ya zo mini ke nan, don tun muna yara abin da muke ji shi ne zafin rana ke haukata kare, kuma ka ga yawu ka ga jan ido to ka nemi hanya. Ban tuna da rina ba ko kaɗan, wallahi ko a raina ba ta zo ba.

Amma ga wurin da ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Da karen nan ya gan ni bai yi gurnani ba, bai buɗe haƙori ba, jan ciki ya yi ya taho wurina yana kaɗa wutsiya, ya miƙo baki zai ɗora a kan ƙafata, yadda yake yi wa Baba in ƙaya ta soke shi. Taimako yake nema. Ni kuma me na yi? Na tattare rigata sama na yi tsalle baya. A wannan daƙiƙar ba cizo nake tsoro ba, shaddata nake ji, da alwalata, da yadda zan shiga sahu da yawun kare a jiki ga liman ya kusa hawa mumbari. Da na durƙusa na duba bakinsa na minti ɗaya da na ga kumburin, da na ga abin da ya faru. Ban durƙusa ba. Sandar mofa ta goge ɗaki na ɗauka na riƙa tura shi daga nesa zuwa sito.

Siton namu ɗan ɗaki ne na kwano sama da ƙasa, nan muke ajiye gawayi da tarkace, ba taga, rana tana dukansa tun safe har yamma. Karen nan bai yi gardama ba, da ƙafarsa ya shiga, ya juyo yana kallona da fuskar da ta fara cika. Na ja ƙofa na danna kwaɗo, na sa makullin a aljihu, na ce wa matata kada wanda ya je wurin sai na dawo na kira masu allurar dabbobi. Ko ruwa ban tura masa ba. Na tafi masallaci ina jin kaina mai hankali, na kare iyalina.

Kuma ban yi sauri ba jama'a. An idar da salla na tsaya gaisawa, na bi wani abokina muka duba mara lafiya, na biya na sayi kankana zan kai gidan suna. Sai wajen uku da rabi na shigo. Matata ta ce ya yi ta kuka yana kartar ƙofa, daga baya ya yi shiru, ta ɗauka lafawa abin ya yi. Da na buɗe ƙofar nan wani huci ya daki fuskata kamar an buɗe gidan burodi. Yana kwance a bakin ƙofa, ya cusa hanci a ɗan tsagin da ke ƙasa inda iska ke shigowa, harshe a waje ya yi baƙi, fuska ta kumbura har ido ya rufe. Na taɓa shi jikinsa zafi rau. A gefen leɓensa na ga rina guda a murƙushe ta maƙale a gashi, na waiwaya kaskon ruwansa na ga wasu biyu suna yawo a kai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A nan na gane. Na sungume shi da shaddar da nake ta karewa, na kai shi gindin famfo na yi ta kwara masa ruwa ina kiran sunansa, matata tana cewa ka bari, ya riga ya tafi.

Daga nan ne na shiga ƙarya, kuma ban shirya ta ba, ita ta zo da kanta. Na kwantar da shi gindin dogonyaron tsakar gida, na rufe sito, na roƙi matata kada ta ce komai. Bayan la'asar aka dawo da Baba tunda an ga ban je ba. Tun daga zaure yake kiran Barsu, don kullum shi ke fara tarbarsa. Na ce mun dawo masallaci mun tarar da shi haka. Ya sa na kai shi wurin, ya durƙusa ya riƙa shafa shi tun daga wutsiya har kai, da hannunsa ya kai kan kumburin da yawun sai ya tsaya ya ce, "Wanga ba ajali na banza ba na, an ba shi wani abu." Ina tsaye a kansa, kalma ɗaya ce za ta fito daga bakina, rina, ta ƙi fita, don na san in na ce rina zai tambayi ina nake, kuma me na yi. Kafin magariba muka kai shi gonar Baba a Kwalkwalawa muka binne, ni na haƙa ramin. Baba bai yi kuka ba.

Washegari da azahar Malam Sanda ya zo kamar kullum, ya yi masa jaje ya miƙa hannu zai kama shi, Baba ya janye hannunsa. Ashe ya kwana yana haɗa lissafinsa, ya tuna maganar nan ta sai an wayi gari babu kare, ya kuma tuna a makon Malam Sanda ya ce ya zuba maganin ɓera a rumbunsa. A gaban mutanen da ke wucewa masallaci ya ce masa ya cika alkawari, ya kashe masa ido na biyu, kada ya ƙara taka masa zaure. Malam Sanda ya rantse, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, Baba ya ce wanda ya iya ba dabba guba rantsuwa ba ta yi masa wuya. Ina daga ciki ina jin komai, riƙe da kofin shayi, ban fito ba. Magana ta zaga unguwa, wasu na cewa ai ya kyauta ma, wasu na cewa ba a zaci haka daga dattijo kamarsa ba. Tun ranar Baba a ɗaki yake salla, ni ma da na ce zan riƙa kai shi, ya girgiza kai.

A kwana na uku na kira wani abokina da muka yi sakandare tare, likitan dabbobi ne, na gaya masa komai don in ji ko dama can ba makawa. Na so ya ce mini ko me na yi mutuwa zai yi. Bai ce ba. Ya ce yawancin karnuka suna tashi daga harbin rina, abin tsoro shi ne in a baki ne ko maƙogwaro, don kumburi na toshe numfashi, kuma kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa, to ka haɗa bakin da ya kumbura da ɗakin kwano da rana tsaka, ka rufe masa duk hanyoyin. Ya ce abin da ake yi shi ne a kai shi inuwa mai iska, a jiƙa masa jiki da ruwa mai sanyi, a dafa masa tsumma mai sanyi a wurin, a bar masa ruwan sha kusa, kada a ba shi maganin ciwon kai na mutane don yana iya kashe shi, sannan a garzaya da shi asibitin dabbobi in fuska na ƙara cika ko numfashi na sarƙewa, akwai allurar da ke saukar da kumburin. Ya ƙara da cewa zafin rana ba ya haukata kare, ciwon hauka daga cizon wata dabba mai ciwon ake ɗaukarsa, kuma Barsu ma ai an yi masa rigakafi, shi da kansa ya yi masa bara. Na manta da wannan ma. Na rubuta wannan dalla-dalla ne ko wani mai kare ko mai gadi zai amfana, ni dai ilimin ya zo mini bayan an rufe rami.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, ko hujjar addini ba ni da ita. Na yi karatun zaure daidai gwargwado, na san a mazhabarmu duk mai rai mai tsarki ne har yawunsa, taɓa kare ba ya karya alwala, na sani sarai. Ƙyama ce kawai da son a gan ni fes ranar Juma'a. Shaddar tana nan a ƙasan akwati, ban wanke ba ban kuma iya yarwa ba.

Yanzu gidan ya zama wani iri. Baba ya rame, tuwo loma biyu yake yi ya ture. Yana zaune a kujerarsa sai ka ga hannunsa ya sauka gefe yana laluben kai, ya tarar da iska, ya mayar da hannun cinya. Ni da shi kuwa mun koma gidan jiya, ba mai kai saƙo, in na gaishe shi ya amsa shi ke nan. Sau ɗaya ya aiko mini da magana, ta bakin matata. Ya ce ta gaya mini Allah shi yi mini albarka, don ranar da ya dafa ni a gindin dogonyaro ya ji rigata sharkaf, ya gane na ɗauki Barsu da hannuna ban ƙyamace shi ba, ya ce ko a nan ya san ya haifi ɗa. Jama'a na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Shekara talatin da tara ina jiran kalma irin wannan daga bakin mutumin nan, sai ga ta ta zo a kan ƙarya.

Ni da matata mun yi faɗa a kan maganar sau biyu, abin da ba mu saba ba. Ita ta ce in faɗa masa, ta gaji da sunkuyar da kai in ta haɗu da matar Malam Sanda a gidan biki, ta ce ita ma da nata laifin tunda ita ta fara ihun hauka, mu je tare mu durƙusa. Ni na ce mata Baba fa yana da hawan jini, in ya faɗi wa zai ɗauki alhaki? Ta ce ba hawan jininsa nake tsoro ba, albarkar da ya sa mini nake tsoron ya janye. Na yi mata tsawa na fice, amma gaskiya ta faɗa.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, Malam Sanda ya samu kujerar Makka bana, jibi Alhamis za su shiga sansanin alhazai. Shekaranjiya ya zaga unguwa gida gida neman gafara kamar yadda ake yi, ya shigo namu duk da an hana shi. Ya zauna a ƙasa a ƙofar ɗakin Baba, dattijo mai furfura, ya ce bai kashe kare ba amma duk abin da ya taɓa yi masa na ɓacin rai ya yafe masa, tafiya ce mai nisa ba wanda ya san dawowa. Baba ya juya fuska bango ya ce ya tafi, can inda za shi akwai mai shari'a.

Na raka Malam Sanda zaure, na buɗe baki na ce Malam akwai maganar da nake son, sai ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Na sani, ɗana. Ina kan dakalin saman gidana ina shanya darduma, na ga sa'adda ka tura shi da sanda ka sa kwaɗo." Ya ce ya ji kukan karen da kartar ƙofa har ya gama shiri, ya ce a ransa kare ne, ya wuce masallaci, don haka shi ma ba wankakke ba ne. Ya ce ranar da Baba ya zarge shi ya rantse ne don bai ba da guba ba, amma bai faɗi abin da ya gani ba kuma ba zai faɗa ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya dafa kafaɗata ya ce kada in kuskura in gaya wa Baba, tsoho makaho in ya rasa maƙwabci zai rayu, in ya rasa ɗansa a cikin zuciya ba abin da ya rage masa. Ya sa takalmi ya fita, ya bar ni tsaye.

To 'yan uwa ga inda nake, gaba kura baya sayaki. In na yi shiru, mutumin kirki mai ciwon suga da shekara saba'in zai hau jirgi da sunan wanda ya ba dabba guba, abokinsa bai yafe masa ba, kuma mahaifina zai ci gaba da ɗaukar zunubin zargin wanda bai ji ba bai gani ba, duk saboda ni. In na faɗa, zan durƙusa gaban mutumin da bai taɓa kallona ya yi mini magana kai tsaye ba, maganarmu ta farko baki da baki ta zama cewa ni na kashe abin da ya ba ni amana, na kuma tsaya ina ji ya wulaƙanta amininsa. Ban san ko zuciyarsa za ta ɗauka ba, ban san ko zai ƙara zama a gidana ba.

Malamai na cikin guruf ɗin nan, shin ya halatta in karɓi wannan rufin asirin tunda mai haƙƙin da kansa ya ce in bari? Ko yafewarsa ba ta wanke ni tunda Baba na cikin zargi? Waɗanda ke da tsofaffi a gida, ta yaya ake faɗa wa uba irin wannan magana, in je ni kaɗai, ko in ɗauko baffanmu, ko in roƙi Malam Sanda mu shiga tare? Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma bayan zagin ku gaya mini abin da zan yi kafin Alhamis. Ɗazu da zan fito ofis na ji Baba yana tambayar matata ko jirgin su Sanda ya tashi, ta ce tukuna, ya ce a tuna masa ranar, yana son ya san ranar da zai daina sauraren takunsa a bayan katanga.